Ɗakin Ƙuna: Inda Gwanayen Inji Suka Tono Dawakin da ke Ɓoye

A shekarar 1908 kamfanin Ford ya fito da motar Model T. Injinta mai silinda 4 ne, cikinsa lita 2.9, ƙarfinsa na doki 20. A 1967 wani inji mai ɗauke da tambarin Ford ɗin dai, mai cikin lita 3, ya ba da ƙarfin doki 400 da 'yan kai. Ciki kusan ɗaya, abincinsu duka fetur da iska, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau 20. Gaskiya ne na farkon an ƙera shi don manomi ya kai amfanin gona kasuwa, na biyun kuwa don tsere, yana juyawa sau 9,000 a minti alhali wancan bai kai 2,000 ba. Sai dai faɗin haka bai amsa tambayar ba, ya dai canza mata riga: yaya aka yi inji ya iya shaƙar iska, ya ƙone mai, ya fitar da hayaƙi a cikin ɗan lokacin da irin wannan gudu ya bar masa? Amsar tana wani ɗan gurbi da ke tsakanin kan fistin da murfin inji, wato ɗakin ƙuna, wanda a silinda mai rabin lita da matsin 10 bisa 1 bai wuce mililita 55 ko 56 ba. Ra'ayina shi ne siffar wannan gurbi ta fi girman inji, ta kuma fi ingancin mai, tasiri a tarihin mota. Kuma waɗanda suka gano sirrinta ba bokayen ƙarfe ba ne kamar yadda ake yawan kwatanta su. Mutane ne da suka ƙi yarda da zato, suka dage sai sun auna abin da ido ba ya gani.

Mai ba ya fashewa a cikin lafiyayyen inji, ci yake yi da wuta. Fulogi ya kyasta, wuta ta tashi daga bakinsa ta bazu zuwa bangon silinda. In aka bar cakuɗen fetur da iska a kwance shiru, wutar ba ta cin fiye da rabin mita a daƙiƙa. A silinda mai faɗin santimita 8, ko da fulogin yana tsakiya cif, sai ta yi tafiyar santimita 4, tafiyar da za ta ci lokacin da injin mai juyi 3,000 a minti zai kewaya sau 4. Ke nan da haka abin yake, babu motar da za ta motsa daga inda take. Abin da ya ceci inji shi ne iskar ba a kwance take ba. Tana shigowa a guje, tana murɗawa, tana yayyage fuskar wutar ta ninka faɗinta, sai ƙunar ta kammala cikin kashi 2 ko 3 na dubun daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda gawayi ke lumshe ido har sai an taɓa zugazugi ya san wannan a aikace. Masana biyu a Birtaniya, Dugald Clerk da Bertram Hopkinson, su suka tabbatar da shi da gwaji tun farkon ƙarni na 20: Clerk ya riƙa barin cakuɗen ya lafa a cikin silinda kafin ya kunna, ya ga ƙuna ta yi sanyin jiki, Hopkinson ya sa fanka a cikin rufaffiyar tukunyar gwaji, ya ga ta yi sauri.

Ɗalibin Hopkinson a Jami'ar Kambirij, Harry Ricardo, wanda aka haifa a Landan a 1885, shi ya ɗauki wannan sani ya kai shi gareji. Matsalar zamaninsa ita ce ƙwanƙwasa. Ba bugawar da kanikawa ke nufi ba idan baƙin mai ya ƙare ƙarfe ya kama ƙarfe. Wata siririyar ƙara ce, ƙal-ƙal-ƙal, da direba ke ji in ya taka totur a babbar giya a kan hawa. Kowa ya san cewa in aka ƙara matse cakuɗen kafin a kunna, inji zai ƙara ƙarfi ya rage shan mai. A lissafin takarda, matsin 4 bisa 1 yana iya mayar da kusan kashi 43 cikin 100 na zafi ya zama aiki, matsin 10 bisa 1 kuwa kashi 60, ko da yake inji na gaske ba ya kusantar waɗannan alƙaluma. Amma da an ɗaga matsi sama da 4 ko 5 sai ƙwanƙwasa ta taso, fistin ya yi zafi, wani lokaci ya huje. Ricardo ya nuna cewa wannan ba kunnuwar wuta kafin lokaci ba ce, kamar yadda da yawa suka ɗauka. Ragowar cakuɗen da ke can lungu mafi nisa da fulogi ne wutar ke matsewa tana gasawa, har ya gaji da jira ya tashi da kansa gaba ɗaya. Bayan ya ƙera injin tankar yaƙi ta Mark V a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kafa ɗakin bincikensa a Shoreham, bakin tekun kudancin Ingila, a 1919. A can ya yi amfani da wani inji mai silinda 1 da ake iya ɗaga masa matsi ko a sauke yana cikin aiki, ya jera nau'o'in fetur ga kamfanin Shell gwargwadon juriyarsu. Gwaje-gwajensa ne suka nuna cewa man Borneo, wanda ake rainawa saboda nauyinsa, ya fi sauran jure matsi.

Da ya gane cutar, maganin ya fito fili: a gajarta tafiyar wuta, a hanzarta ta, a sanyaya lungun da ragowar ke maƙalewa. Injinan wancan lokaci akasari bawul ɗinsu a gefen silinda yake, ɗakin ƙunar shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, wuta na tafiya mai nisa. Ricardo ya tattara gurbin ya koma saman bawul, ya sauko da sauran murfin har ya kusa taɓa kan fistin. Idan fistin ya hauro, sai ya matse iskar da ke wannan siririn tsakani ya watsa ta da ƙarfi cikin gurbin, ta hautsina cakuɗen daidai lokacin da wuta ke bukata. Ɗan abin da ya rage a tsakanin kuwa ƙarfe biyu masu sanyi sun rungume shi, ba zai tashi da kansa ba. Bai ƙara ko da ƙusa ɗaya ba, siffar zubin ƙarfe kawai ya canza, amma injin talaka mai arha ya kusa kamo mai tsada. Kamfanoni da dama sun biya shi kuɗin haƙƙin ƙirƙira, har da Waukesha da Harley-Davidson a Amurka. A 1931 ya sake yin irin wannan ga injin dizal da ɗakinsa mai suna Comet, wani ɗan ƙoƙo da iska ke shiga tana juyawa kafin a fesa mai, wanda motocin bas na Landan suka ɗauka.

Sai dai ƙuna rabin magana ce. Ɗaya rabin numfashi ne, domin inji ba ya ba da ƙarfi fiye da iskar da ya shaƙa. A nan rikicin yake, kuma shi ne ƙashin bayan wannan tarihi: abin da ke gyara numfashi sau da yawa shi ke ɓata ƙuna. Numfashi yana son manyan bawul da miƙaƙƙiyar hanya. Ƙuna tana son ɗaki ƙarami, dunƙulalle, da iska mai hargitsi. Tun 1912 wasu direbobin tsere uku na kamfanin Peugeot, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, tare da mai zane Ernest Henry, suka ƙera inji mai bawul 4 a kowace silinda da kamshaf 2 a sama. Manyan injiniyoyin kamfanin sun raina su, sun ɗauke su 'yan shaci-faɗi. Motar mai lita 7.6 ta lashe babbar gasar Faransa a Dieppe a shekarar, ta bar Fiat mai lita 14 a baya, Goux kuma ya ci gasar Indianapolis a 1913. Sun ga hanya tun da wuri, amma sun buɗa bawul ɗin da kusurwa mai faɗi, ɗakin ya yi zurfi, ilimin ƙuna kuma bai iso ba tukuna. Daga baya masu ƙira suka koma bawul 2 manya a ɗaki mai siffar rabin ƙwallo, suka zauna a kai shekaru kusan 40.

Mutumin da ya mayar da numfashin inji abin aunawa shi ne Harry Weslake, ɗan garin Exeter, haihuwar 1897. Mahaifinsa yana aiki a kamfanin Willey mai ƙera kayan gas da mitocinsa, saboda haka yaron ya tashi a inda ake auna iska kamar yadda ake auna hatsi. Dabararsa mai sauƙi ce a faɗa: a ɗora murfin inji a kan benci, a zuƙo iska ta hanyar shigar mai, a auna yawan da ke wucewa a kowane matakin buɗewar bawul, a sassaƙe nan, a cike can, a sake aunawa. Akwai dalilin da ya sa wannan sana'a ta yi ƙarfi a Ingila fiye da ko'ina, dalilin kuwa haraji ne. Har zuwa 1947 gwamnati tana lissafa harajin mota ne da faɗin bakin silinda da yawansu, ba ta damu da tsawon tafiyar fistin ba. Kamfanoni suka riƙa yin silinda siririya mai zurfi don mai saye ya biya kaɗan, siririyar silinda kuwa ba ta da wurin babban bawul. Wanda aka hana shi faɗaɗa ƙofa dole ya koyi gyara hanyar da ke kaiwa gare ta. A 1935 William Lyons, mai kamfanin SS wanda ya zama Jaguar, ya kawo wa Weslake injin Standard mai silinda 6 da ke ba da doki wajen 70. Weslake ya yi masa sabon murfi mai bawul a sama, ƙarfin ya haura 100. Hannunsa yana cikin injin Jaguar XK na 1948, wanda ya ci gasar awa 24 ta Le Mans sau 5 tsakanin 1951 da 1957, yana kuma cikin injin Vanwall da ya ɗauki kambun kamfanoni na Formula 1 a 1958.

Aikinsa da ya fi shiga hannun talaka shi ne ɗan injin Austin na jerin A, wanda ya fito a 1951 da cikin 803cc, aka ci gaba da ƙera shi har shekarar 2000. Ɗakin ƙunarsa siffar zuciya gare shi, da wani ɗan tsini da ya kutso tsakanin bawul biyu don ya karkata cakuɗen wajen fulogi. A kan wannan murfi ne dubban gwanaye suka koyi sana'a, kuma yana da kyau a dubi yadda suke yi. Gwani zai kifa murfin a benci, ya shafa ɗan giris a gefen bawul don kada ya yi yoyo, ya ɗora farantin roba mai haske mai ɗan rami a kan ɗakin. Daga wani siririn bututun gilashi mai zane-zanen awo zai riƙa ɗiga kananzir ta ramin, yana kallon kumfar iska tana ƙanƙancewa har ta ɓace, sannan ya karanta adadin ya rubuta. Sai ya ɗauki ɗan dutsen niƙa mai juyawa da iska, ya rage tsinin nan kaɗan, ya janye bangon da ya tsare wa bawul ɗin shiga numfashi, ya wanke, ya sake ɗiga kananzir, har sai ɗakuna 4 sun zo daidai da juna. Ya san cewa duk abin da ya sassaƙe ya rage matsi, don haka zai goge fuskar murfin ya dawo da shi. Ya san kuma in ya cinye tsinin gaba ɗaya iska za ta ƙaru amma ƙuna za ta lalace. Daniel Richmond na Downton, a yankin Wiltshire, ya ƙware a wannan har kamfanin BMC, mai ƙera injin, ya ɗauke shi mai ba da shawara. Mini, mai ɗauke da wannan inji, ta fito a 1959 da doki 34. Cooper S mai 1275cc tana ba da wajen 75 daga masana'anta, ta kuma lashe gasar Monte Carlo a 1965 da 1967 a gaban motocin da suka ninka ta girma.

Ɗaki mai rabin ƙwallo, wanda Amurkawa suka yi wa suna Hemi, shi ya fi kowanne farin jini, kuma shi ne misalin da ya fi nuna illar fifita numfashi a kan ƙuna. Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa sun ƙera irinsa, mai suna Ardun, don a ɗora wa injin Ford V8 mai bawul a gefe a ƙarshen shekarun 1940. Chrysler ya fito da nasa a 1951, lita 5.4, doki 180; a 1964 kuma wanda ya kai lita 7 ya kai Richard Petty ga nasara a Daytona. A Faransa Amédée Gordini ya yi wa Renault 8 irinsa a 1964. Ba wanda zai musa cewa yana shaƙar iska: bawul biyu manya suna fuskantar juna, iska ta shigo ta nan ta fita ta can. Amma rabin ƙwallo gurbi ne babba. In ana son matsi mai yawa dole a yi wa fistin tozo ya cike shi, sai abin da ya rage ya zama siririn lanƙwasasshen fili, tozon ya tsaya wa wuta a hanya, fuskar ƙarfe mai shanye zafi ta yi yawa, fistin ya yi nauyi. Irin wannan inji sai an kyasta masa wuta tun fistin yana nesa da kaiwa sama, alamar da ke nuna ƙuna na jan ƙafa. Shi ya sa Alfa Romeo da Maserati da Porsche suka riƙa sa fulogi 2 a silinda ɗaya na injinan tserensu. Fulogi na biyu shaida ne cewa ɗakin yana da aibu. Chrysler da kansa ya ajiye Hemi na farko bayan 1958 saboda nauyi da tsada, na biyu kuma ya tsaya a 1971.

Wasu sun gwada akasin haka. Sam Heron, Bature ɗan Ingila da ya koma Amurka, wanda ya ƙirƙiro bawul mai sodiyam a ciki don ya kwashe zafi, ya bar sunansa a kan tsarin da murfi ke zama shafaffe, a haƙa ɗakin a cikin kan fistin. Rover 2000 ta 1963 da injin Jaguar V12 na 1971 sun bi shi don sauƙin ƙira. Keith Duckworth, wanda ya kafa Cosworth da Mike Costin a 1958 suna gyara injinan Ford don ƙananan gasanni, ya gwada shi a 1964, ya sami nasarori, amma bai gamsu da yadda mai ke ƙonewa ba. Da Ford ya ba da fam 100,000 a ƙera inji don motocin tseren Lotus, Duckworth ya koma bawul 4 na mutanen Peugeot, sai dai ya matso da su kusa da tsaye, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 32 kacal, inda na Jaguar XK yake da 70. Ranar 4 ga Yuni 1967, a Zandvoort ta ƙasar Holan, Jim Clark ya ci tsere da wannan inji, DFV, a fitowarsa ta farko. Mako biyu bayan haka, a Spa ta Beljiyam, Dan Gurney ya yi nasara da injin V12 da aka ƙera a wurin Weslake a garin Rye, shi ma bawul 4 ne masu ƙaramar kusurwa. Gidaje biyu da ba su haɗa kai ba suka iso wuri ɗaya a wata ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza: dukansu biyu awo ne ya kai su.

Abin da wannan tsari ya yi shi ne sulhunta masu faɗan nan biyu. Ƙananan bawul 4 sun fi manya 2 buɗe hanya tun daga farkon ɗagawa, ga su marasa nauyi, suna jure gudu. Ƙaramar kusurwa ta sa rufin ɗakin ya zama gangare biyu marasa zurfi, don haka ana samun matsi mai yawa da fistin mai shafaffen kai. Fulogi ya sami wuri a tsakiya, tafiyar wuta ta gajarta ta kowane ɓangare. Gefuna suka bar wurin matsewar nan ta Ricardo. Sannan iskar da ke shigowa ta bawul biyu a jere ba ta kewaya silinda a kwance, alkafura take yi daga sama zuwa ƙasa. Fistin na haurowa sai ya murƙushe wannan juyi ya farfasa shi ya zama ƙananan guguwa daidai lokacin kyastawa. DFV da 'ya'yansa sun ci gasar Formula 1 sau 155 tsakanin 1967 da 1983.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan ra'ayina ita ce ta mai. Mai ja zai ce ba siffar ɗaki ce ta ɗaga matsi ba, sinadari ne: a Disamba 1921 Thomas Midgley, a ƙarƙashin Charles Kettering na General Motors, ya gano cewa ɗan ɗigon sinadarin dalma a cikin fetur yana kashe ƙwanƙwasa, aka fara sayar da shi a 1923, Graham Edgar ya kawo ma'aunin oktan, matatu suka inganta, injinan Oldsmobile da Cadillac na 1949 suka buɗe tseren matsi da ya kai 10 da 11 bisa 1 a shekarun 1960. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba ƙaramin rabo mai ya ɗauka ba. Amma tarihi ya yi mana gwajin da zai raba gardama. Bayan dokar tsaftace iska ta Amurka ta 1970, da zuwan na'urar tace hayaƙi a salansa a 1975, wadda dalma ke kashewa, aka janye sinadarin. Injinan da suka jingina da shi suka zube, matsi ya sauka wajen 8, ƙarfi ya tafi. Waɗanda suka tashi daga baya da siffa suka tashi. Honda ya cika sharuɗɗan dokar ba tare da na'urar tacewa ba, ta hanyar CVCC, wani ƙaramin ɗaki mai nasa bawul inda ake kunna cakuɗe mai kauri ya feso wuta cikin mai tsinkakke. Michael May, injiniya ɗan Siwizalan, ya sake wa Jaguar V12 ɗaki a 1981, matsi ya kai 12.5 bisa 1, shan mai ya ragu sosai. A 2011 Mazda ya sayar da mota mai matsin 14 bisa 1 da fetur marar dalma. Na yarda cewa fesa mai da lantarki da na'urar jin ƙwanƙwasa sun taimaka. Duk da haka dalma aro ce, an kuma biya ta da lafiyar ƙwaƙwalwar yara a duniya har zuwa 2021 da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da ita. Abin da aka samu daga siffar ƙarfe kuwa ba a mayar wa kowa ba.

Wani zai ce ina kambama 'yan gareji, alhali kuɗin Shell da Ford ne suka yi aikin, kuma a cikin masu kiran kansu gwanaye maƙaryata sun fi yawa. Rabin farko ba ya rushe komai: kuɗi ya sayi lokaci da kayan aiki, amma Ford, da duk dukiyarsa da injiniyoyinsa, wajen wani ƙaramin kamfani a Northampton ya kai kuɗin. Rabi na biyu kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu, don shi ne ma tushen maganata. An yi shekaru ana sayar wa masu motoci murfin da aka goge hanyoyinsa suna ƙyalli, aka ƙwaƙule su suka yi faɗi, aka cusa bawul mafi girma da zai shiga. Benci ya nuna cewa ƙyalli kusan ba ya ƙara komai, hanya mai faɗin da ya wuce kima tana rage saurin iska har motar ta mutu a ƙaramin gudu, babban bawul da ya manne da bango kuma yana iya wuce iska ƙasa da ƙarami. David Vizard, wanda ya yi rubutu mai yawa a kan injin jerin A, da alƙaluman benci ya riƙa rusa irin waɗannan camfe-camfe. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Faransawa sun yi wa Gordini laƙabi da matsafi, kuma na fahimci ƙaunar da ke cikin sunan, amma ina ganin ya rage masa daraja, domin tsafi ba a koyar da shi a sake gwadawa a samu sakamako iri ɗaya, aikin waɗannan mutane kuwa kowa ya bi awonsu zai iso inda suka isa.

Akwai kuma mai ganin duk wannan wasan masu kuɗi ne da bai shafi mai neman abinci da mota ba. Sai ya ɗaga bonet ɗin Corolla ko Civic ɗin da ke haya a Kano ko Maraɗi. Rubutun bawul 16 da ke kan murfin injin jikan DFV ne kai tsaye: tsarin ya bi ta Ford Escort RS1600 a 1970, Triumph Dolomite Sprint a 1973, injin Toyota 4A-GE a 1983, Mercedes 190E da Cosworth ya yi wa murfi, har ya zama gama-gari. Ƙuna mai sauri ita ce ƙarfi, ita ce kuma tsimin mai, don zafin da ya zama aiki bai tafi lagireto ko salansa ba. Ilimin ma yana da amfani a garejin bakin titi. Idan mota ta yi zafi murfi ya lanƙwashe aka kai shi aka goge fuskarsa, an rage girman ɗakin ƙuna, matsi ya hau, kuma a zafin watan Afrilu da mai marar ƙarfi ƙwanƙwasa na iya biyowa. Idan aka nemi gyara wannan da gaskit mai kauri fiye da kima, ko aka haɗa biyu, an buɗe siririn tsakanin nan da bai kamata ya wuce kusan milimita 1 ba, matsewar da ke hautsina cakuɗe ta mutu, injin yana iya ƙwanƙwasawa duk da matsinsa ya sauka. Bakaniken da ya san dalilin haka yana aiki ne da abin da aka gano a Shoreham fiye da shekara 100 da suka wuce.

Yau kwamfuta ke zana hanyar iska kafin a zuba ƙarfe, ana leƙa wuta ta fistin mai tagar gilashi da hasken lesa, ɗan dutsen niƙa ya zama kayan masu gyaran tsofaffin motoci. Wannan bai rushe hanyar su Weslake ba, ita ce dai ta sami sababbin idanu, kuma har yanzu kamfanonin inji ba su jefar da bencin auna iska ba, don lissafin kwamfuta sai an gwada shi da iska ta gaske. Matsalar kanta ma ba ta ƙare ba. Ƙwanƙwasa ce har gobe ke iyakance ƙananan injinan zamani masu turbo, kuma wuta ba ta tashi iri ɗaya sau biyu a jere a silinda ɗaya. Da dokokin Formula 1 suka taƙaita yawan man da inji zai sha daga 2014, injiniyoyi sun koma ga ƙaramin ɗakin share fage a bakin fulogi, mai 'yan ramuka da ke harba harsunan wuta cikin babban ɗakin, dangin abin da Honda ya yi a shekarun 1970. A 2017 Mercedes ya sanar cewa injinsa na tsere, tare da na'urorin da ke kwato zafin hayaƙi, ya mayar da fiye da rabin ƙarfin mansa aiki a bencin gwaji, a 2020 kuma Maserati ya sa irin wannan ƙaramin ɗaki a injin motar MC20 da aka ƙera don hawa titi.